Kaset ɗin Turai Mai Wanki

Duk wanda ya taɓa hawa saman gidan su Abdulghani a unguwar Mahjar ta Jidda zai ba ka labarin warin ɗakin nan kafin ya ba ka labarin kiɗan da ake yi a ciki. Ɗan ƙaramin ɗaki ne na bulo da rufin kwano, an gina shi don ajiye tarkace, shi kuwa ya je ya lulluɓe bangon da kwalayen ƙwai tun daga sama har ƙasa, wai don kada sauti ya riƙa dukan bango yana dawowa. Kwalayen nan daga bayan shagon wani mai suyar ƙwai ya kwaso su, kuma bai tsaya ware waɗanda ƙwai ya fashe a ciki ba. Ƙofar ya jingina mata katifa biyu da ya samo a kasuwar gwanjo, Allah kaɗai ya san wanda ya kwana a kansu da abin da ya bari. To haɗa wannan da zafin Jidda da ɗanshin teku, sannan ka tuna cewa in zai ɗauki murya sai ya kashe mukayyif, wato abin sanyaya ɗaki, don ƙugin na'urar yana shiga makirfo. Tir da wannan ɗaki. Ƙanwarsa Hikima ta rantse ko gobara ce ta tashi a ƙasa, gara ta tsaya ta ƙone da ta gudo can. Kyankyasai kuwa sun kafa unguwa a bayan kwalayen, har sun ga jikoki.

Amma a wannan ƙazamin ɗakin aka ɗauki abu ɗaya tak da Abdulghani yake ganin ya yi daidai a duk rayuwarsa, wato muryar uwarsa Turai, a kan kaset guda ɗaya.

A Jidda aka haife shi, kamar yadda aka haifi ubansa Lado. Kakansa ne ya taso da ƙafa daga ƙasar Haɗeja don aikin hajji, ya sauke farali, ya dubi tsawon hanyar komawa, ya ce a nan ma ai akwai Allah. Lado dako yake yi a tashar jiragen ruwa. Turai kuwa wanki da guga take yi a wani ƙaton gida a Abhur, unguwar masu hali ta bakin teku, shekara talatin da ɗoriya, ta fita da asuba ta dawo da magariba hannuwa duk sun yi fari sun tsattsage saboda sabulu. Abdulghani ne ɗan farinta, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Kai wannan" take ce masa, ko gaban mutane ko su biyu.

A wancan zamanin waya ba ta kai ƙauyuka ba, tsofaffin unguwa kuma ba sa rubutu, sai aka samu dabarar kaset. Tsohuwa za ta zauna gaban rakoda ta gaishe da danginta na gida ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi wanda ya mutu da wadda ta haihu, ta yi ɗan kuka, ta yi ɗan faɗa, sai a naɗe kaset ɗin a ƙyalle a ba alhajin da zai koma. Rakodar Lado ce kaɗai mai lafiya a layin, shi kuma ba shi da haƙurin zama, don haka tun Abdulghani yana shekara tara aka bar masa danna maɓallan. Da kansa ya gano cewa in ya ɗora rakodar a kan matashi gurnanin injin yana raguwa, in ya kashe fanka iska ba ta busa makirfo, in ya zaunar da tsohuwa kusa da labule muryarta tana fita fes. Tsofaffin suka fara cewa yaron Lado yana da hannu.

Aikin yana da doka, kuma Lado da mari ya koya masa ita. Wata rana Abdulghani ya ce bari su riƙa yin kwafi kafin a ba da kaset, ko da zai ɓace a hanya. Kafin ya rufe baki ya ji wuta a kumatu. Lado ya ce kaset amana ce, daga hannu zuwa hannu take tafiya, kuma duk wanda ya ajiye kwafi to ya gaya wa mai kaiwa ne cewa bai yarda da shi ba. Mutum ya shigo gidanka, ya sha shayinka, ya karɓi saƙonka da hannu biyu, sannan ka yi masa wannan wulaƙancin? Yaron ya haɗiye maganar tare da hawayen, ta zauna masa a ciki daram.

Kaset ɗin da ake amfani da su yawanci daga Abhur suke zuwa. In 'yan gidan suka gaji da abu sai su tura shi ɗakin wanki, Turai ta ɗauro a ɗankwali: takalmi ƙafa ɗaya, riga mai tabon miya, kaset rututu. Aikin Abdulghani ne ya saurari kowanne kaɗan kafin ya goge, don kada ya goge karatun Alƙur'ani. Yana shekara goma sha ɗaya, wata ranar Alhamis bayan magariba, ya saka wani baƙin kaset marar rubutu ya danna. Sai ya ji kamar an turo tukwanen gidan biki daga saman bene. Ganga ana dukanta ba numfashi, jita tana ƙara kamar za ta yage, wani Bature kuma yana ihu da maƙogwaron da ya riga ya dusashe. Kafin ya gama mamaki waƙar ta ƙare, wata ta faɗo. Lado ya leƙo ya ce kaset ɗin ya lalace, a jefar. Turai ta ce ba lalacewa ba ce, mahaukata ne aka bari da rakoda.

Abdulghani bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya gane abin tsaf, domin duk Juma'a yana jin irinsa a tsakar gida. Juma'a ce kaɗai ranar hutun Turai, kuma a ranar take wankin gidanta. Da ta tsoma hannu a baho sai ta fara waƙa, waƙar kuwa ba komai ba ce illa abin da ta haɗiye mako guda a gidan mutane: ɗan kamfan uwar ɗakinta da aka jefo mata ba a ko ɗauraye ba, safar samarin gidan da ke tsayawa da kanta, zanen gadon baƙi da abin da baƙin suka yi a kai, bargon kare da aka haɗo mata cikin kayan sallah. Ba ta ɓoye suna, ba ta sassauta zagi. Muryarta kuwa mai kaushi ce, fasasshiya, tana hawa inda ta ga dama ta sauka inda ta ga dama, hannunta na dukan wanki yana ba ta kiɗa. Yaron ya saurari Baturen nan mai ihu ya ce a ransa, wannan ma wankin wani aka ba shi.

Bai goge kaset ɗin ba. Ya saurare shi har ya tsinke, ya ɗinke da man farce na Hikima, ya sake tsinkewa. Sunan kiɗan ma bai sani ba sai da ya kai shekara goma sha bakwai, ya fara aiki a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, wani ɗan Filifin abokin aikinsa ya ji yana dukan kwali da irin wannan saurin ya ce masa ai pank kenan. Shi ne kuma ya nuna masa yadda ake ɗora yatsu biyu a jita a yi ta zamewa sama da ƙasa, ya ce in ka iya wannan shi ke nan, sauran fushi ne.

Fushi kam akwai shi. Jita ce babu, sai da ya samo wata mai tsirkiya huɗu a gwanjo, ya shigo da ita gida cikin buhun shinkafa, don a lokacin kiɗa ba abin fitarwa fili ba ne, kuma baƙo mai zama da iƙama, wato takardar izinin zama, ba ya neman abin da zai sa a kira kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa. Ya jona ta da cikin wata tsohuwar rediyo, lasifikar ta riƙa fitar da sauti a yage, ya ji daɗi har da tsalle. Jarkokin ruwa su ne gangunansa, murfin tukunya shi ne ƙarfen da ake bugawa. Sai ya jera rakoda biyu: ya buga jarka a ta farko, ya kunna ta yana kaɗa jita ta biyun tana ɗauka, ya sake juyawa ya ɗora ihu. Duk juyi ɗaya sai huci ya ƙaru a kaset, kafin ya gama waƙar tana fitowa ne kamar daga cikin kaskon suya. Daga baya ya samu rakoda mai layi huɗu, wadda za ka ɗauki abu huɗu daban-daban a kaset ɗaya ba tare da ɗaya ya taɓa ɗaya ba, ya kwashe kayansa ya hau sama, ya fara tara kwalayen ƙwai. Ko da kwamfuta ta zo kowa ya koma kanta, shi ya ƙi. Ya ce kwamfuta tana wanke sauti har ya mutu.

Haka ya girma. Lado ya rasu, Hikima ta yi aure ta fito ta dawo gida, shi kuwa yana nan yana tuƙa motar ɗaga kaya a sito, in ya samu rana tsaka da maƙwabta suka rufe tagogi suka kunna mukayyif sai ya hau sama ya yi ta ɓarna shi kaɗai. Mata biyu aka nema masa, duka biyun suka ji labarin ɗakin suka ce a bar maganar. Waƙoƙinsa kuwa, a faɗi gaskiya, ba su da wani kirki. Shi ma ya sani. Ihunsa na aro ne, fushinsa bai kai na uwarsa ba, kuma shekara goma ya yi yana roƙonta ta bari ya ɗauke ta tana cewa ita ba 'yar wasa ba ce.

Ranar da ta yarda, ba don roƙonsa ba ne. An sallame ta ne daga gidan Abhur, bayan shekara talatin da huɗu, da jakar tsofaffin tawul a matsayin sallama, saboda sun sayi injin wanki mai busarwa. Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sauko daga masallaci, ta tsaya ƙasan matakala ta ce, "Kai wannan, ɗauko baho." Ta ce ba ta iya waƙa hannunta a bushe. Ya hau da baho da ruwa da sabulu har cikin ɗakin, ya rataya makirfo a igiyar shanya daidai goshinta, ya kashe mukayyif, ya jingina katifu, ya danna. Abu na farko da kaset ɗin ya ɗauka shi ne Turai tana tsine wa warin ɗakin da wanda ya haifi mai ɗakin. Sannan ta tsoma tawul ɗin sallamar a ruwa ta fara.

Hajiya mai turare, ni na san abin da ke ƙasa,
ni na cuɗe shi da hannuna ranar Talata.
Ayye ruwa, ayye ruwa,
ruwa ya ci yatsuna, ke kin ci kaza.

Minti arba'in ta yi ba ta tsaya ba, gumi yana ɗiga daga haɓarta cikin bahon, tana tari tana tofarwa tana ci gaba. Ta bi 'yan gidan nan ɗaya bayan ɗaya, har karen bai tsira ba. Da kaset ya ƙare ta matse tawul ɗin, ta ce ya buɗe mata ƙofa kafin ta yi amai, ta sauka. Abdulghani ya zauna a cikin warin ya mayar da kaset ɗin farko. Shekara guda ya kwashe yana ɗora jita da jarka a sauran layuka ukun, yana bin numfashinta, inda ta yi sauri ya yi sauri, inda ta kauce ya kauce tare da ita. Bai taɓa layinta ba ko da ƙwayar zarra.

Shekara huɗu bayan haka ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta a banɗaki. Ta rayu, amma hannun dama ya tafi, maganar ma ta tafi, sai ɗan raɗa-raɗa da kai kunnenka bakinta kafin ka tsinci kalma biyu. Daga ranar, duk abin da ya rage na muryar Turai a duniya yana cikin wannan kaset, a cikin gwangwanin madara, a saman shiryayye a ɗakin kyankyasai. Hikima ta yi ta cewa ya juye shi a waya. Shi kuwa ya yi ta cewa gobe, don yana ganin waya za ta rage masa wani abu.

Sai zamani ya juya. Kiɗan da ake ɓoyewa a buhun shinkafa ya fito fili, gidajen shan gahawa suka cika da masu jita, yaran masu hali suka fara buɗe ɗakunan ɗaukar waƙa a bakin teku. Wata rana aka aiki Abdulghani ya kai akwatunan lasifika irin wannan wurin a Abhur. Mai wurin wani saurayi ne, Nayef, mai fara'a, mai gemu a gyare, wanda ya yi karatu a waje ya dawo. Ya ga yadda direban nan yake naɗe waya a gwiwar hannu kamar wanda ya san aiki, ya ja shi da hira. Bakin Abdulghani, da ya shekara ashirin ba wanda ya tambaye shi komai game da kiɗa, ya ɓalle kamar famfo. Ya faɗi jarka, ya faɗi layi huɗu, ya faɗi uwarsa.

Kuma Nayef ya zo, wannan kam a ba shi. Ya ajiye motarsa a bakin layi, ya gaishe da Turai yana ce mata khala, wato inna, ya sha shayin Hikima, ya hau sama. A bakin ƙofa ya ja gefen rawaninsa ya toshe hanci, idonsa ya kawo ruwa, amma ya shiga. Abdulghani ya kunna. Saurayin ya saurara har ƙarshe tsaye, ba ya jin Hausa ko ta sayen ruwa, ya ce wallahi bai taɓa jin abu mai rai kamar wannan ba. Ya ce yana tattara muryoyin tsohuwar Jidda ne a faifai ɗaya, kuma wannan ce za ta buɗe. A ba shi kaset ɗin da na'urar, ya juye a kwamfuta, ya dawo da su cikin mako biyu.

Hikima ta tare wanta a matakala. Ta ce ya tsaya ya yi kwafi tukuna, ko da a waya ne, ko da minti arba'in ɗin baƙon zai jira.

"Mutum ya shigo gidanmu, ya sha shayinmu," in ji shi.

"Yaya, wannan ba alhajin Haɗeja ba ne."

Bai saurare ta ba. Ya yago ƙyalle mai tsabta, ya naɗe kaset ɗin yadda ubansa yake yi, ya ɗaure da zare, ya miƙa da hannu biyu. Nayef ya karɓa da yatsa biyu ya jefa a kujerar baya tare da rakodar. Mutum mai shekara arba'in, wanda ya san kan waya da lasifika fiye da kowa a unguwar, ya tsaya a bakin layi yana ɗaga wa mota hannu, zuciyarsa fara ƙal, wai ya yi abin mutunci.

Mako biyu suka zama wata uku. In ya kira sai a ce ana kan aiki, habibi, abin zai ba ka mamaki. A wata na biyu wani direba ya kawo rakodar cikin baƙar leda an ɗaure bakinta, tana warin maganin ƙwari. Ya buɗe murfin, ba kaset a ciki. Ya ce wa kansa suna amfani da shi ne.

Ranar da aka gayyace shi sauraro, wani gidan gahawa ne mai gilashi ta ko'ina, teku na kallonka, sanyin mukayyif har cikin ƙashi. Ya saka farar tobinsa ta Idi, doguwar rigar nan ta Larabawa. Nayef ya rungume shi, ya nuna shi ga mutane, aka zaunar da shi a gaba, aka rage hira. Sai ƙarar igiyar ruwa ta fara fitowa a hankali, sai wata garaya mai taushi irin ta Larabawa, sai murya. Mace ce, siririyar murya mai santsi, tana cewa ayye ruwa, ayye ruwa, tana sake cewa ayye ruwa, amon yana bin ta a baya kamar a cikin masallaci. Sai da ta maimaita sau huɗu kafin ya gane uwarsa ce. Sun bi muryar da kwamfuta sun miƙar da duk inda ta lanƙwasa, sun kankare kaushin, sun cire tarin, sun cire dukan wankin. Jitarsa da jarkarsa babu ko alamarsu. Hajiya mai turare ta tafi, samarin da safarsu sun tafi, kare ya tafi. Daga minti arba'in na tsinuwa, kalma biyu suka tsinta suka yi ta juyawa har minti uku da rabi, kuma a takardar da aka raba wa mutane an rubuta cewa waƙar rarrashin jariri ce ta iyayenmu mata na Afirka.

Mutane suka lumshe ido. Wata mata a bayansa, turarenta har yana ɗaci a maƙoshi, ta share hawaye ta ce wa ƙawarta abin ya tuna mata da dadarsu, 'yar aikin da ta rene su, baiwar Allah, kullum cikin waƙa take. Abdulghani ya ji gahawar da ya sha tana tasowa. Shi da ya shekara ashirin yana numfashi a ɗakin ruɓaɓɓen ƙwai bai taɓa jin tashin zuciya ba sai a wurin nan mai ƙanshi. Ya tashi ya shiga banɗaki ya amayar, ya wanke baki, ya fito ya ja Nayef gefe ya tambayi kaset ɗinsa.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne saurayin bai ma san ya yi laifi ba. Ya yi dariya ya ce ai ranar da suka buɗe rakodar nan kyankyasai ne suka yi ta fitowa suna bin teburin haɗa sauti, ma'aikata suka watse; da ƙyar injiniyansu ya daure ya juye, sannan mai shara ya fesa magani ya kwashe ƙyallen da kaset ɗin da komai ya zuba a bola. Abdulghani ya ce to a ba shi abin da aka juye, ɗanyen, kafin a taɓa shi. Nayef ya kira injiniyan a waya a gabansa. Injiniyan ya ce ɗanyen duk huci ne da tari, ya ɗauki abin da zai yi amfani ya goge sauran tun tuni.

"Amma kana da kwafi a gida, ko?" in ji Nayef. "Kowa yana ajiye kwafi."

Abdulghani ya dube shi. Wa zai zaga? Yaron da ya ɗauki zagi ya mayar da shi rarrashi don bai taɓa tunanin ya tambayi ma'anar kalma ɗaya ba, ko kuwa ƙaton da ya reni kyankyasan da hannunsa, ya kuma miƙa uwarsa a ƙyalle? Duka biyun sun ba shi ƙyama, na biyun ya fi.

Ya dawo Mahjar da niyyar ba wanda zai ji abin nan a gidansu. Amma an riga an saka waƙar a intanet, kuma wata ƙawar Hikima ta turo mata. Yana shigowa ya jiyo igiyar ruwa da garaya daga ɗakin uwarsa. Ya tsaya a bakin ƙofa. Turai tana jingine da matashi, bakinta a karkace kamar kullum, Hikima ta riƙe mata wayar kusa da kunne. Da waƙar ta ƙare tsohuwar ta motsa yatsun hagu, alamar a sake. Aka sake. Sai ta dubi 'yarta da tambaya a ido.

"Ke ce, Umma," in ji Hikima. "Ɗaukar da Yaya ya yi miki."

Abdulghani ya jira ta tofar da yawu. Ya san uwarsa, ya san abin da take yi wa ƙarya. Sai ya ga hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye. Ta yafito shi. Ya durƙusa ya kai kunnensa bakinta, ta daɗe tana kokawa da harshe kafin maganar ta fito.

"Ashe da daɗi."

Sauran a guntu-guntu ya tsinta, cikin kwanaki. Tun tana yarinya ƙawayenta ba sa bari ta ba da waƙa a dandali, sai dai ta yi amshi daga baya, a hankali. A bikin aurenta ma wata gwaggo ta ce amarya ta yi shiru kada ango ya gudu. Shekara saba'in tana ɗauke da wannan ba wanda ya sani, tana zaton abin da Allah ya ba ta kenan. Yanzu ga shi ta ji da kunnenta, ashe mutane ne ba su iya saurara ba, sai da ɗanta ya zo da na'urarsa. Ta sa Hikima ta kira maƙwabta su ji. Ta sa an kira matar limamin layi.

Bai gaya mata ba, kuma ba zai gaya mata ba. Ya daina hawa sama. Hikima ta sa an yaye kwalayen an ƙone, bai hana ta ba. Kullum ya dawo daga sito da la'asar, kafin ya cire takalmi zai ji ana ƙwanƙwasa ƙarfen gado da zobe. Turai ba ta yarda Hikima ta kunna in yana gida, shi take so, tunda aikinsa ne. Sai ya shiga ya zauna a bakin gadon, ya nemo waƙar, ya danna, ya kafa ido a siminti minti uku da rabi yana sauraron wata mata da bai sani ba. In ta ƙare Turai ta ɗora hannunta na hagu a kansa, ta raɗa masa Allah ya yi albarka, sannan ta motsa yatsu a sake.